Dattawa da matasa a ofis ɗaya: a ina magana take ɓacewa?

Tambayar ta zo daga Tawa, daga wata baiwar Allah mai shekara 36 da aka naɗa shugabar sashen kuɗi da kayan aiki a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma. A ƙarƙashinta akwai dattawa biyu da suka kusa ritaya, akanta da mai kula da magaza, sai matasa biyar, biyu daga cikinsu ƴan koyon aiki. Dattawan suna kukan yaran ba su da ladabi, komai sai su jefo a WhatsApp. Yaran kuma suna cewa dattawan sun kankane aiki, ba sa koya wa kowa, tambaya ma laifi ce. A taro kowa ya ce "to", a tashi, aiki ya tsaya cak. An ba ta shawara ta ɗauko mai ba da horo kan "Gen Z", wato sunan da ake kiran matasan wannan zamani da shi, shi ne take tambaya ko hakan zai yi magani.

Ƴata, ki riƙe kuɗin horon nan tukuna. Aikina kula da harkokin ma'aikata ne da sasanta rigingimun wurin aiki a nan Yamai, kuma irin ƙarar da kika kawo tana yawan zuwa gabana. Kusan kullum idan aka bi diddigi, ba halin mutane ne ya lalace ba. Saƙo ne yake bin hanyar da mai karɓarsa bai ɗauke ta a matsayin hanya ba, kunya kuma ta hana kowa ya fito ya faɗa.

Sunayen rukunonin shekaru da masu horo suke yawo da su, da tarihin Amurka aka auna su. Waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964 su ne ƴaƴan da aka yi ta haifa da yawa bayan yaƙin duniya na biyu, sai "Gen X" daga 1965 zuwa 1980, sai na 1981 zuwa 1996, sai "Gen Z" daga 1997. Haka cibiyar bincike ta Pew take yanka shekarun. To wanda aka haifa a Keita ko Illela a 1967, me ya haɗa shi da yaƙin Biyetnam ko faɗuwar masana'antun Detroit? Ko a can ɗin ma ba a yarda da rabon baki ɗaya ba. A 2020 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto bayan ta duba binciken da aka yi kan wannan batu, ta ce hujjar da ake da ita ba ta kai a riƙa tafiyar da ma'aikata bisa waɗannan rukunoni ba. Dalilinsu mai sauƙin ganewa ne. Yawancin binciken a lokaci guda yake tambayar mai shekara 25 da mai shekara 58, sai a ga sun bambanta, a ce zamani ne. Alhali wataƙila shekaru ne kawai. Mai shekara 58 ɗin ma da yana 25 gaggawa gare shi, kuma nasa manyan sun yi kuka da shi.

Wannan ba yana nufin babu bambanci tsakanin mutanenki ba. Akwai, amma a tarihinmu za ki same shi. Akantanki da ya kusa ritaya ya fara aiki ne wajen 1990. Waɗanda suka koya masa aiki sun yi zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da shugaban ƙasa da kansa kan faɗo ma'aikata ba sanarwa ya ga wa ya zo wa bai zo ba. A hannunsu ya koyi cewa abin da ba a rubuta ba, ba a sa hannu ba, ba a buga hatimi ba, to bai faru ba, kuma tsallake shugabanka ka kai magana sama laifi ne babba. Sannan ya ga Taron Ƙasa na 1991, ya ga an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ya ga ma'aikatan gwamnati suna bin bashin albashi na watanni. Mutumin da ya ratsa wannan ya san aiki abu ne da ake riƙewa da hannu biyu, kuma takarda ce take fitar da mutum ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Yaron da ke gefensa an haife shi wajen 2000. Celtel ta shigo Nijar a 2001, wato bai san duniyar da babu salula ba. Wataƙila a jami'ar Tawa ya yi karatu, wadda aka kafa a 2010, yau take ɗauke da sunan Djibo Hamani. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya yi koyon aiki nan da can ba ko sisi, yanzu yana kan kwantaragin wata shida ko shekara guda da ba ta da tabbas idan kuɗin masu tallafi suka ƙare. Idan kika ga yana gaggawa ya koyi komai, yana son a san shi ne ya yi kaza, yana leƙen sanarwar neman ma'aikata a wayarsa, ba rashin biyayya ba ne. Ba a yi masa alkawarin gobe ba. Dattijon an tarbiyyantar da shi a kan haƙuri saboda haƙuri yana kai mutum ga ƙarin girma da fansho. Yaron bai taɓa ganin haƙuri ya kai wani sa'ansa can ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. A shekarun 1990, lokacin tsuke bakin aljihu, an rage ɗaukar ma'aikata sosai, daga baya aka koma ɗaukar ƴan kwantaragi, musamman a koyarwa. Shi ya sa a ofisoshi da yawa za ki ga manya a sama, yara a ƙasa, tsakiya ba kowa. Ki duba naki sashen: biyu sun kusa sittin, biyar ba su kai talatin ba, sai ke kaɗai a tsakani. Babu yayye. A gidan Bahaushe kuwa yaya ne yake kai maganar ƙane wurin uba, shi ne kuma yake fassara wa ƙane abin da tsawar uba take nufi.

Wannan ne zuciyar matsalarki, don haka bari in daɗe a kai. A al'adarmu tsakanin uba da ɗa akwai kunya, tsakanin kaka da jika akwai wasa. Jika zai iya gaya wa kakansa komai, a yi dariya. Ɗa ba ya musu da uba, ba ya ɗaga ido ya ce masa "ba haka ba ne". Tazarar shekara talatin da ke tsakanin mutanenki ta ajiye su daidai a matsayin uba da ɗa. Shi ya sa yaran suke kiran dattijo Baba, kuma da gaske suke yi. Yaron da ya ga kuskure a lissafin Baba ba zai iya buɗe baki a gaban jama'a ya nuna ba. Zai ce "to", ya koma kujerarsa, ya yi shiru ko ya gyara a ɓoye ko ya kai ƙorafi wurin abokansa. Idan ya rasa yadda zai yi, sai ya tura saƙo a waya, domin waya tana ɗauke masa nauyin haɗa ido. Shi a ganinsa ya kauce wa rashin kunya ke nan. Baba kuma a nasa ganin, yaron da ke zaune taku goma da shi ya ƙi tasowa ya gaishe shi ya faɗi buƙatarsa, ya jefo masa murya kamar yana aiken sa'ansa. Kowannensu ladabi yake nema, kowanne kuma yana ganin ɗayan ya rasa shi.

Ga yadda abin yake faruwa, na ga irinsa da idona a wata ƙungiya. Ƙarfe tara na dare wani matashi ya tura wa mai kula da magaza saƙon murya na minti uku: gobe da asuba mota za ta fita ƙauye, ana son buhun iri ashirin da takardar shan mai. Ya ga alamar shuɗi biyu, ya kwanta da nufin ya sanar. Da asuba direba ya zo, magaza a rufe. Da aka kira dattijon sai ya ce, cikin natsuwa, shi ba a kawo masa komai ba. Ba ƙarya ya yi ba. Ya saurari muryar, amma a wurinsa wannan hira ce. Buƙata ita ce takardar fitar da kaya mai sa hannun shugaba, wadda zai soke a fayil, domin ranar ƙidayar kaya idan buhu ashirin suka yi ɓatan dabo, ba wanda zai saurari muryar WhatsApp, shi za a tuhuma. Mota ba ta tashi ba sai bayan azahar. Yaron ya ce mugunta ce, dattijon ya ce raini ne, aka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

A wannan rigimar, a kan batun takarda dattijon ne mai gaskiya, kuma ki gaya wa yaranki haka ba tare da kwana-kwana ba. Duk abin da ya taɓa kuɗi, kaya, izinin tafiya ko hutu, a rubuce yake tafiya, da sa hannu. Saƙon murya ba a bincika shi, ba a soke shi a fayil, waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Amma a kan batun yin shiru yaron ne mai gaskiya. Wanda ya ji saƙo ya san bai cika ƙa'ida ba, ya bari har mota ta makara don ya koyar da darasi, ya cuci manoman da suke jiran iri, ba yaron kaɗai ba. Kalma biyar sun isa: "Na ji, kawo takarda gobe." Ki gaya wa dattijon wannan, amma ke da shi, ƙofa a rufe.

Abin da zan so ki yi shi ne ki zaunar da su a rubuta yarjejeniyar da ba ta wuce shafi guda ba, a kan wace magana ce take bin wace hanya. Kada ki rubuto ta daga gida ki karanta musu, su za su faɗa ki rubuta. WhatsApp na sanarwa ne da gaggawa, mota ta lalace a hanyar Konni, taro ya koma ƙarfe goma. Wanda ya turo buƙata ta waya ya biyo ta da takarda kafin a fitar da komai, wanda aka tura wa kuma ya amsa ko da kalma ɗaya. Gyara da faɗa ba sa shiga zauren WhatsApp na ma'aikata ko kaɗan, na babba ko na yaro, domin abin da aka faɗa a can ana tura shi gaba, kuma dokar 2019 kan laifukan intanet tana hukunta zagi da ɓata suna ta waya. Ki sa lokacin da ake daina turo saƙon aiki. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, ba ta ce a bi ma'aikaci har shimfiɗarsa ba. A nan manya ma suna da nasu laifin, don akwai shugaban da bayan sallar isha'i ne yake tuna yana da yaran aike.

Sai ki lura da harshe. Saƙon murya ya samu karɓuwa a wurinmu ne saboda mutum yana faɗin abin da ke ransa da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, ba tare da fargabar kuskuren rubutun Faransanci ba. Matasa da yawa suna gudun rubutu saboda dattijon da ya yi makaranta lokacin da ake dukan yaro a kan kuskuren harafi zai ɗauki jan biro ya bi takardar yana zagaye kurakurai, ya mayar ba tare da ya ce uffan a kan abin da ta ƙunsa ba. Sau biyu aka yi wa yaro haka, ya daina rubutu. Ki samar da takardun cikewa masu gurabe, na neman kaya, na rahoton fita, yadda ba sai an tsara jimla ba. A taro kuma ki bari a yi muhawara da Hausa, a rubuta abin da aka yanke da harshen aiki. Tun watan Maris na 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, don haka ba wanda zai ce kin karya wata ƙa'ida.

Batun taron da kowa ke cewa "to", gyaransa yana cikin jerin masu magana. Idan Baba ya fara, magana ta ƙare, don ba yaron da zai zo bayansa ya saɓa masa. Ki juya jerin. Ki fara da mafi ƙanƙanta, ki kira shi da sunansa, ki yi masa tambayar da "to" ba ta amsa ta: me zai hana wannan aikin ƙarewa ranar Alhamis? Dattawa su zo a ƙarshe. Ki gaya musu tun kafin a shiga cewa kin bar musu rufewa ne, kuma gaskiya ne, a zaman mutanenmu babba ne yake yanke magana bayan ya ji kowa. Ba su rasa komai ba, ke kuma kin ji abin da da ba za ki ji ba. Kafin a tashi kowa ya maimaita da bakinsa abin da zai yi da ranar da zai gama, wani ya rubuta.

Ƙorafin cewa dattawa sun kankane aiki, sau da yawa gaskiya ne, sai dai ki san abin da ke ƙarƙashinsa. Mutum ya shekara talatin yana riƙe da littafin lissafi da hannu, an kawo manhaja a kwamfuta, yaron da aka haifa bayan ya fara aiki yana yi a awa guda abin da shi yake kwana biyu a kai. Abin da ya rage masa shi ne abin da ke kansa: wane ɗan kasuwa ne yake cika alkawari, wane ne yake kawo takin da aka gauraya, ta wace ƙofa ake shiga ofishin haraji, wane hakimi ne ba a shiga ƙasarsa sai an fara gaishe shi. Idan ya juye wannan duka, yana tsoron a ce masa an gode. Ba za ki ƙwace shi da umarni ba. Ki ba shi matsayin mai koyarwa a rubuce, a sanar a gaban kowa, ki haɗa shi da yaro ɗaya, ba biyar ba, su riƙa fita tare wurin ƴan kasuwa. A mota ake koyon irin wannan ilimi, ba a ɗakin taro ba. Yaron kuma ya nuna masa kwamfuta su biyu kawai, ba a gaban sauran ba, domin dattijo zai gwammace ya ce na'urar ba ta da amfani da a gan shi yana lalube. Idan Allah ya sa akwai wasan taubasai tsakanin wasu daga cikinsu, Babarbare da Bafillace ko Bagobiri da Bazabarme, to ki haɗa waɗannan. Wasan nan da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014 yana ba yaro lasisin gaya wa babba gaskiya cikin raha, abin da ba wata takardar sanarwa da za ta ba shi.

Ki sa ranar ritayar kowannensu a gabanki, ki ƙirga baya. Abin da ba a rubuta ba kafin ranar, ya tafi gida tare da mai shi.

Ke kanki kuma kina cikin lissafin, ko da ba ki faɗa ba. Mace ce ke, ƴar cikinsu a shekaru, an ɗora ki a kansu, wataƙila ɗayansu ya sa ran kujerar. Ki raba abu biyu a fili. Girman shekaru nasu ne: ki je ofishinsu ki gaishe su da safe maimakon ki aika a kira su, ki ce Baba ko Alhaji, ki je suna da ta'aziyya, ki nemi shawararsu kafin taro ba bayan kin yanke ba. Hukuncin aiki naki ne, kuma ba a yin ciniki a kansa. "Baba, na ji shawararku, na gode, amma ga yadda za a yi, ina son rahoton ranar Laraba." Ba ɗaga murya, ba kuma neman afuwa. Shugabanni matasa sukan faɗa ɗayan rami biyu, ko su ji nauyin dattawa har su koma yi musu aikinsu da dare, ko su nuna iko a gaban yara don a san su ne sama. Na farko yana kashe shugaba da gajiya, na biyu yana sa dattijo ya koma bin ƙa'ida harafi da harafi har komai ya tsaya, kuma ba za ki kama shi da laifi ko ɗaya ba. Kada kuma ki zama kakakin yaran. Ranar da dattawan suka fahimci ke da yaran ƙungiya ɗaya ce, kin rasa su.

Wani lokaci kuma ba zamani ba ne, ba kunya ba ce, mutum ne kawai ba ya aikinsa. Akwai malalacin yaro, akwai azzalumin dattijo da yake aiken ƴan koyon aiki sayen shayi da kai ƴaƴansa makaranta, ya hana su taɓa fayil. Idan kin gyara hanyoyin magana, an yi yarjejeniya, wani ya ci gaba da take ta, to a koma ga dokokin cikin gida na ƙungiyar: magana ta baki tsakaninku, sai takardar neman bayani a ba shi damar kare kansa a rubuce, sai gargaɗi. Mataki ɗaya ga mai shekara 24 da mai 59, kuma yaran suna kallo su ga ko haka ne. Idan ma'aikatanku sun haura goma, doka ta tanadi a zaɓi wakilan ma'aikata, ki yi amfani da su, su ne yayyen da kika rasa. Abin da ya fi ƙarfinsu, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Tawa, ana zuwa neman shawara tun kafin rigima ta kai ga ƙara.

Idan bayan wata uku har yanzu kuɗin horon suna nan, ki kashe su a kan abu biyu: a koya wa dattawan manhajar lissafin da kuke aiki da ita, a ajinsu daban, a koya wa matasan rubuta wasiƙar aiki da rahoto da yadda ake shirya fayil don masu binciken kuɗi. Wannan ajin na biyu, akantanki ne ya kamata ya koyar da shi, kuma a biya shi kamar yadda za a biya baƙon da aka ɗauko daga Yamai.